Ɗigon Baƙin Mai a Burtali

Ranar wata Litinin da hantsi, cikin kakar gyaɗa ta shekarar 1954, masu zuwa gona suka tsinci gawar Inno mai tallar nono a gefen hanyar mota, kusa da mararrabar Fulatan. Ƙwaryarta ta fashe gida uku, nonon ya bushe a kan jar ƙasa. Tsohuwa ce da kowa ya sani daga Rogo har Karaye. Shekara talatin tana bin wannan hanya da ƙafa, ba a taɓa jin ko ƙaya ta soke ta ba.

Kafin azahar saƙo ya iske Gwadabe mai bin sawu a Karaye. Gwadabe maharbi ne a ƙuruciyarsa. Da gwiwa ta fara gaza masa sai ya koma bin sawun ɓarayin shanu da na jakuna, har ta kai in an yi ɓarna a ƙasar, shi ake fara nema kafin a aika Kano. Wakilin gari ya ba shi aron goɗiya, ya kama hanya.

Ko da ya isa an riga an kai Inno makwancinta, jama'a kuma sun tattake wurin kamar sansanin kasuwa. Abu ɗaya ya tsira: sawun taya siriri da ya kauce daga hanya, ya kutsa cikin gamba, ya sake komowa.

"Wannan ba babbar motar gyaɗa ba ce," in ji Gwadabe.

"Ai mun san motar, Baba," in ji wani manomi. "Bayan sallar asuba muka ji ta. Mota ɗaya ce a ƙasar nan mai fito kamar shirwa."

Kowa ya san wadda yake nufi. Ta Alhaji Sanusi ce, babban mai sayen gyaɗa na Karaye, tsohuwar ƙaramar mota da ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida. Kowa kuma ya san Alhaji bai iya tuƙi ba. Wanda aka yi kwana uku ana gani a cikinta a kan wannan hanya, yana kai da komo da sunan gwaji, shi ne Basiru makaniki, baƙon da ya zo daga Lokwaja shekara biyu da suka wuce.

Gwadabe ya duba bai ga samarin gidan Inno a wurin ba. Aka ce masa sun tafi Karaye da sandunansu. Ya juya akalar goɗiya ba tare da ya sha ruwa ba.

*

Allah ya sa Wakili ya riga samarin. Ya sa an ɗauko Basiru daga garejinsa an shigar da shi zaure na biyu, shi kuma ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa ya zauna. Ya gaya wa samarin ya aika Kano, 'yan doka za su iso ranar Alhamis, wanda ya ga zai iya tsallake shi kafin nan, ga hanya. A waje, Rekiya matar Basiru tana tsugune jikin bango da kwanon abinci, ba mai ko amsa mata sallama.

Gwadabe ya shiga ya tarar da Basiru zaune, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Suka gaisa.

"Baba, wallahi ban fita da ita yau ba," in ji Basiru da Hausarsa mai ɗan gargada. "Jiya Lahadi da la'asar na gama aikinta, na kai ta rumfar gidan Alhaji, na ajiye."

"Rumfar tana da ƙofa?"

"Asabari ne kawai."

"To ka ga, wanda ya kai zai iya komawa ya ɗauko. Da asuba kana ina?"

"Ina gida. Rekiya ce shaidata."

Gwadabe ya san shaidar mata ga mijinta ba za ta tsallake ƙofar alƙali ba.

Yana fitowa ya ci karo da Alhaji Sanusi ya zo yi wa Wakili jaje. Sa'o'in juna ne, a unguwa ɗaya suka tashi, ko da yake duniya ta ɗaga ɗaya ta bar ɗaya a ƙasa. Suka daɗe suna gaisawa, har da tambayar iyali da gajiyar hanya.

"Alhaji, motar tana ina yanzu?"

"Tana rumfarta. Da na dawo daga kewaya gona na gan ta a inda take."

"Sulle direbanka fa?"

"Tun jiya ya tafi Yammedi." Alhaji ya ja carbi. "Ni ban ce yaron nan ne ba, Gwadabe. Ban ce kowa ba ne."

*

Washegari da sassafe Gwadabe ya nufi Yammedi. A hanya zuciyarsa ta fi karkata ga Sulle. Direban da ya bar gari a jajibirin ɓarna abin a duba ne, kuma an san Sulle da gudu.

Ya tarar da shi a ƙofar gida yana shanya fatar rago. Ashe matarsa ce ta haihu, jiya Litinin aka raɗa suna. Liman da mahauci da maƙwabta duka suka ce tun daga sallar asuba har rana ta take Sulle yana tsakiyarsu, shi ya riƙe ƙafar ragon da kansa. Gwadabe ya yi barka, ya karɓi goro, ya zauna a gindin ɗorawa yana jin zarginsa na narkewa.

"Ni dai Basiru bai yi mini kama da mai gudu ya bar mutum a ƙasa ba," in ji Sulle. "Hannunsa na da kyau, Baba. Motar nan da can duk inda ta tsaya sai ta bar baƙin mai a ƙasa kamar akuya mai zawo. Alhaji har kunya yake ji in mun je gidan mutane. Ranar Asabar da Basiru ya gwada mini ita, muka tsaya a kan farin yashi, ko ɗigo ɗaya."

Gwadabe ya ajiye maganar a ransa, ba don ya ga amfaninta ba, sai don al'adarsa ce bai yar da komai.

Da la'asar ya koma Karaye ya wuce rumfar Alhaji. Motar tana nan an wanke ta tas, har tayoyinta. Ya zagaya ta sau biyu. Bai san komai game da mota ba, don haka ya yi abin da ya iya: ya durƙusa ya dubi ƙasa. A ƙarƙashin gabanta, ta ɓangaren dama, akwai baƙin tabo mai faɗin tafin hannu. Ya taɓa shi, ya ji danshi.

*

"Ba zai yiwu ba," in ji Basiru, har ya miƙe tsaye. "Ba ta zuba, Baba. Aikin da na yi mata ke nan."

"Zauna ka koya mini. Ni jahili ne a kan ƙarfe. Me ka yi mata?"

Basiru ya zauna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya soma zane da tsinke.

"Inji ma numfashi yake yi, Baba. Wannan motar kuwa ba kamar sauran ba ce, an ɗaura mata wani abu da ke tura mata iska da ƙarfi. Ka san zugazugin maƙeri? To kamarsa. Shi ne mai fiton da ake ji. Amma injin ya tsufa, sai wani sashe na iskar nan ya riƙa zurarewa ƙasa, zuwa kaskon da baƙin mai yake kwance. In ta taru ba ta sami hanya ba, sai ta tunkuɗo man ta kowace kafa."

"Masu ƙera ta ba su yi mata hanya ba?"

"Sun yi. Wani ɗan bututu ne siriri, bakinsa na kallon ƙasa. A ƙasarsu mai sanyi da kwalta wataƙila ya isa. A nan kuwa ya yi kaɗan, kuma yana tofar da mai, yana shaƙar ƙura. Sai na cire shi, na sa na jan ƙarfe mai faɗi, na lanƙwasa shi na zura bakinsa cikin gwangwanin madara. Na cusa soson waya a gwangwanin, na huda ramuka a samansa. Iska ta fita ta ramukan, mai kuma ya maƙale a soso ya kwanta a gindi. Duk mako a zubar."

"Gwangwanin a ina ka ɗaure shi?"

"A gaba, ƙasa-ƙasa, ta dama. Da waya na ɗaure."

"In ya faɗi fa?"

Basiru ya dubi zanensa, ya ɗago a hankali. "In ya faɗi, bututun ya fi na da faɗi. Za ta zubar fiye da yadda ta saba. Tana tafe tana ɗiga, in ta tsaya ta yi tafki."

"Wa ya san da gwangwanin nan?"

"Ni kaɗai. Sulle ya ga ba ta zuba, amma bai leƙa ba. Alhaji kuwa bai taɓa buɗe murfin inji ba."

Gwadabe ya jinjina kai. Shekara da shekaru yana bin dabbar da aka harba, ya san abu ɗaya: wadda ke zubar da jini ba ta ɓacewa.

*

Ranar Laraba rana na fitowa yana mararrabar Fulatan. Wannan karon bai tsaya inda aka tattake ba, ya shiga cikin gambar da motar ta kutsa, yana buɗa ta da sanda. Bai yi taku goma ba ya hango shi: gwangwanin madara a lotse, da guntun waya a wuyansa, soso na leƙowa ta bakinsa. Ya naɗe shi a tsumma ya sa a burgami.

Ya koma ta inda motar ta fito, ya yi tafiya mai nisa yana duba gefen hanya. Babu ɗigo ko ɗaya. Ya dawo ya wuce wurin da abin ya faru, sai ga baƙin ɗigo a kan tsakuwa, ga wani bayan taku huɗu, ga wani. Manyan motoci sun bi ta kan wasu, amma mai ba ya tashi kamar ƙura. Ɗigon ya yi gaba kaɗan, ya yi kwana, sannan ya bar hanyar mota ya faɗa burtalin shanu da ke ratsa gonaki ya nufi gabas.

Gwadabe ya ja goɗiyarsa a hannu ya bi. A burtalin babu wanda ya bi tun ranar sai 'yan awaki, ƙasar kuma mai laushi ce, tana riƙe duk abin da aka ba ta. Sawun tayar yana tangaɗi, ya goga wannan shinge ya koma ya goga wancan. Can sai ga tafkin mai, alamar motar ta tsaya. A gabansa ga sawun takalmi sau-ciki, an dage ƙafafu biyu an turje, irin tsayuwar mai murɗa ƙarfen tayar da inji. Motar ta mutu ke nan, mai ita ya sauko ya tashe ta.

Gaba kaɗan, a hawan wani ɗan tudu, haka. A bakin wani kwazazzabo, haka. Kafin azahar ya ƙirga shida. Wanda ya iya mota ba za ta mutu masa sau shida a wannan 'yar tafiya ba.

A tsayawa ta huɗu ne ƙasar ta fi danshi, sawun ya fito sarai. Gwadabe ya daɗe a tsugune a kansa. Mutum ne mai jiki. Ƙafar hagu tana taka daidai, ta dama kuwa tana karkata waje, diddigenta na jan ƙasa kaɗan. Ya san ƙafar. Kurkunu ne ya karkatar da ita a wata damina tun suna yara, shi da kansa ya riƙa goya mai ita zuwa makarantar allo har ta warke. Ya ce wa ransa masu irin wannan tafiya suna da yawa a duniya. Ya tashi ya ci gaba.

Da la'asar ɗigon ya kai shi bayan Unguwar Hajji, ya shiga ta wata ɓaraka a shingen wani gandu, ya tsaya a bakin rijiya. Nan tafkin man ya fi ko'ina girma, ƙasar kewayensa ta yi ɓawo irin na wurin da aka kwarara ruwa da yawa. Gandun na Alhaji Sanusi ne.

Gwadabe ya yi alwala ya yi salla, ya zauna a bakin rijiyar da burgaminsa a cinya. Ya leƙa ciki, zurfinta ya kai gaba goma. Gwangwani ɗaya in ya faɗa nan, sai dai ranar tashin ƙiyama. Ba wanda ya gan shi a burtali. In ya koma ya ce ƙasa ba ta yi magana ba, za a yarda, domin bai taɓa yi wa gari ƙarya ba. Ya tuna gidan Alhaji da bakin da ke ci a cikinsa, sun fi arba'in. Sai kuma ya tuna Basiru yana zane a ƙasa da tsinke, yana bayani da zumuɗi kamar ya manta ransa ake nema. Ya ɗaure bakin burgamin, ya hau goɗiya.

*

Ranar Alhamis da hantsi 'yan doka biyu da sajensu suka iso. Wakili ya tara mutane a zaurensa: Alhaji Sanusi a kan darduma, Sulle kusa da ƙofa, Basiru a tsakanin 'yan doka, samarin gidan Inno a jere jikin bango, sandunansu a waje. Wakili ya ce a saurari Gwadabe kafin a tafi da kowa.

Gwadabe ya kwance tsumma ya ajiye gwangwanin a tsakiyar tabarma.

"Basiru, ka san wannan?"

"Nawa ne, Baba. Ni na ɗaure shi a motar."

Samarin suka yi gunaguni, ɗaya ya ce ai ga shi ya amsa da bakinsa. Wakili ya ɗaga hannu suka yi shiru.

"Ranka ya daɗe," in ji Gwadabe, "a cikin gambar da aka buge Inno na tsince shi. Aikinsa tare baƙin mai. Tun da ya faɗi motar take zuba, ta zana mini hanyarta tun daga Fulatan har inda aka wanke ta. Mutum ɗaya ne a ƙasar nan ya san da gwangwanin, shi ne Basiru. Da shi ne a ciki, da ya ga ɗigo ɗaya zai san abin da ya faɗi, ya koma ya ɗauke, ko ya ɗaura wani. Wanda ya tuƙa ta ya wanke ta har taya, amma ya bar ta tana zuba a rumfa, don bai san an taɓa hana ta ba."

"Sulle fa?" in ji saje.

"Yammedi duka ta gan shi. Kuma motar ta mutu sau shida a burtali. Sulle, ta taɓa mutu maka sau shida a tafiya ɗaya?"

"Ko ranar da na fara koyo, Baba."

"To wane ne?" in ji Wakili.

Gwadabe bai dubi kowa ba, ya dubi tabarma. "Na ga sawun ƙafarsa, ranka ya daɗe. Na san mai ita tun ba mu san ɗaura wando ba. In an tilasta ni zan faɗa. Amma na fi so ya riga ni."

 Sai aka ji carbi ya faɗi a kan darduma.

"Ni ne," in ji Alhaji Sanusi.

Ya yi magana a hankali, idonsa a ƙasa. Ya ce shekara guda ke nan ana cewa motar Alhaji, motar Alhaji, alhali in Sulle ba ya nan shi da ita kamar makaho ne da madubi. Girma ya hana shi ya ce wa yaronsa koya mini. Sai ya riƙa satar kallon hannun Sulle da ƙafarsa, in ya sami ranar da ba kowa, ya fita da ita bayan asuba ya gwada a inda ba a san shi da tuƙi ba.

"Inno ta fito daga bayan gamba da ƙwarya a ka. Na kai ƙafa zan taka birki, na taka na wuta. Na sauko na tarar da sauran numfashinta. Na ɗora kanta a cinyata, na yi mata kalmar shahada, ta maimaita. A hannuna ta cika. Sai na ji muryoyi daga gonaki, zuciyata ta karye, na gudu. Na ce zan faɗa da azahar. Azahar ta yi na ce la'asar. Da na ga an kama yaron nan, na ce ai ba su da shaida, za a sake shi." Ya ɗago ya dubi Basiru. "Ka yafe mini, in kana iyawa."

 Basiru ya sunkuyar da kai kawai.

Saje ya ce a tafi da Alhaji da motar Kano, Sulle ya tuƙa. Basiru ya roƙi a ba shi ɗan lokaci ya ɗaura mata wani gwangwani, in ba haka ba man zai ƙare a hanya injin ya ƙone. Aka ba shi. Da za su tashi, Alhaji ya tsaya a gaban Gwadabe.

"Ka leƙa mini gidan, Gwadabe."

"Zan leƙa, Sanusi."

*

Bayan kwana biyu Gwadabe ya je rugar su Inno a Fulatan ya yi ta'aziyya. Habiba, babbar 'yarta, ta fito ta durƙusa daga nesa suka gaisa. 'Yan'uwanta sun kawo mata labarin wanda ya yi, amma ba shi take son ji ba.

"Baffa, ta daɗe tana shan wahala? Ita kaɗai ta mutu a cikin ciyawa?"

Gwadabe ya gaya mata abin da Alhaji ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Ya ce shi bai ga wannan a ƙasa ba, don an tattake wurin, amma ya san mutumin, kuma ya yarda a wannan bai yi ƙarya ba.

Habiba ta daɗe tana share ido da bakin zane.

"Shahadar da ya laƙƙana mata, Allah ya ba shi ladarta," in ji ta. "Tafiyar da ya yi ya bar ta kuwa, wannan tsakaninsa da alƙali, ni ba zan ce komai ba."

Ta shiga bukka ta fito da ƙwarya cike da kindirmo, an rufe da faifai.

"An ce makanikin yana da mata, kwana uku tana ƙofar Wakili, ƙannena suna wuce ta da sanduna. Su ba za su iya zuwa ba, kunya ba za ta bar su ba. Ka kai mata wannan, ka ce daga gidan Inno."

Gwadabe ya karɓa da hannu biyu. Ya hau goɗiya, ya ɗora ƙwaryar a gabansa, ya sake mata linzami ta riƙa takawa a hankali don kada ya zube. Har ya isa Karaye bai dubi ƙasa ba ko sau ɗaya.